Sharhi: Mai kallo a Alabar Rago yana biya, amma wa ke karɓar kuɗin?

Duk wanda ya san Alabar Rago shekaru 20 da suka wuce zai tuna yadda dare ke kasancewa a wannan kasuwa da ke yankin Ojo, a gefen babbar hanyar Legas zuwa Badagry. Da an idar da sallar isha'i, 'yan dako da mahauta da dillalan tumaki da 'yan gwangwan sukan yi cincirindo a rumfunan kallo. Kowa ya biya kuɗin ƙofa, ya nemi gurbi a kan benci, idanu duka na kan akwatin talabijin guda. Janareto na ruri a waje, faifan da aka kawo daga Kano yana juyawa a ciki. Idan jarumi ya yi abin kirki a yi sowa tare, idan mugu ya yi galaba a yi tsaki tare.

A yau, wanda ya zaga teburin mai shayi a Agege ko Idi-Araba ko Mil 12 ko Obalende zai tarar da irin waɗannan mutane, amma kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Wannan yana kallon sabon kashi na fim mai dogon zango, wancan yana kallon dambe, na gefensa kuma yana ta zazzaga gajerun bidiyoyin TikTok da ɗan yatsa. Masu kallo sun fi na da yawa, lokacin da suke ɓatawa a kallo ma ya ƙaru.

Abin da bai ƙaru daidai da haka ba shi ne kuɗin da ke isa hannun waɗanda suka shirya abin da ake kallo. Wannan giɓi, fiye da kowace sabuwar na'ura, shi ne zai fayyace makomar nishaɗin zamani a harshen Hausa.

Daga sinima zuwa faifai

Hausawa sun daɗe a Legas. Cinikin goro da na dabbobi ne ya kafa zangon Agege, layin dogon da ya haɗa Legas da Kano tun 1912 kuma ya ƙara masa ƙarfi. Baƙon da ya yi nisan kimanin kilomita 1,000 da gida yana buƙatar abin da zai ɗebe masa kewa, don haka nishaɗi ya kasance cikin kayan da ke biyo fatake zuwa kurmi: makaɗa da 'yan dambe da 'yan kama da farko, daga baya kuma kaset.

A zamanin gidajen sinima, Agege tana da Pen Cinema da Danjuma Cinema, inda fina-finan Indiya da na Sin suka yi tashe. Yanzu mafi yawan matasa sun san sunan Pen Cinema ne a matsayin gadar sama da aka buɗe a watan Maris na 2021.

Bidiyo ne ya kawo Hausa cikin akwatin. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin Hausa na kasuwa na farko a kaset. Sangaya a 1999 da Wasila a 2000 suka nuna cewa akwai kuɗi a harkar. A 1999 ɗin ne kuma sunan Kannywood ya fara fitowa a mujallar Tauraruwa, shekara uku kafin a raɗa wa masana'antar kudu suna Nollywood.

Tsarin cinikin wancan lokaci a fili yake. Furodusa ya kai fim ga 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ko Bata a Kano, a buga, a ɗaure a kwalaye, a rarraba har Legas da Akara da Yamai. Mai rumfar kallo ya sayi kwafi, masu kallo su biya shi. Ko da yake masu satar fasaha suna yagar rabonsu, musamman ganin cewa babbar kasuwar kayan lantarki ta Alaba, wadda Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta sha kai wa samame, ba ta da nisa da Alabar Rago, duk da haka wani kaso na kuɗin ƙofa yakan bi hanyarsa ya koma Kano.

Yadda waya ta karya faifai

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, amma sai da wayoyi masu ɗaukar memori suka yi araha sannan kasuwar faifai ta fara tangal-tangal. Wata sabuwar sana'a ta ɓulla, ta masu tura fina-finai. Matashi ne da kwamfuta a ƙarƙashin laima ko a rumfar cajin waya, ka miƙa masa memori da 'yan canji, ya cika maka shi da fina-finan Hausa da waƙoƙi da wa'azi da fina-finan Indiya da kamfanoni irin su Algaita suka juya zuwa Hausa. Wanda aka tura wa kuma ya tura wa abokan kwanansa kyauta ta Bluetooth ko Xender.

Kwafi ɗaya ya wadatar da unguwa guda. Shagunan faifai suka rufe ɗaya bayan ɗaya, furodusoshi da dama suka ajiye sana'ar.

Abu biyu ne suka farfaɗo da ita. Na farko shi ne tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014, wadda ta saba wa mutane da bin labari mako-mako ta shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Gidan Badamasi. Na biyu shi ne YouTube. A 2020, shekarar kullen korona, Izzar So na Lawan Ahmad ya fara fita a tashar Bakori TV, Labarina na Aminu Saira kuma ya fara zuwa a Arewa24 da tashar Saira Movies. Daga nan fim mai dogon zango ya zama ginshiƙin masana'antar. A shekarar ne kuma waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta karaɗe ƙasa ta hanyar gajerun bidiyoyin da mata suka riƙa ɗauka a gidajensu, abin da ya nuna cewa mai kallo da kansa ya zama mai rarraba kaya.

Sabuwar ɗabi'ar mai kallo

Ɗan ci-ranin Legas shi ne ya fi kowa nuna wannan sauyi, domin rayuwarsa ta dace da waya fiye da talabijin. Ba shi da falo, sau da yawa ɗakin ma na haɗaka ne ko kuma rumfar kasuwa. Lokacin hutunsa a gutsure yake: tsakanin lodi da lodi, a cunkoson hanyar Badagry, ko bayan an tashi kasuwa. Saboda haka yakan zaɓi abin da zai iya tsayarwa ya ci gaba daga baya, kuma yana son gajere fiye da dogo.

Yana kuma lissafin data kamar yadda yake lissafin kuɗin abinci. Kallon sa'a guda da hoto mai matsakaicin kyau na iya cinye kusan rabin gigabait. Shi ya sa da yawa ke jiran datar dare mai rahusa su sauke abin da za su kalla gobe, ko su rage kyan hoton, ko su koma wurin mai turawa.

Dambe ma ya bi wannan hanya. Alabar Rago ta yi suna da filin dambe, inda 'yan wasan Arewa da Kudu da Guramada ke gwada ƙwanji a gaban 'yan kallon da suka biya kuɗin shiga. A 2017 wasu matasa a Legas suka buɗe tashar Dambe Warriors a YouTube, wasan mahauta ya samu miliyoyin masu kallo a ƙasashen da ba su taɓa jin sunansa ba. A 2025 kamfanin African Warriors Fighting Championship ya ƙulla yarjejeniya da DAZN, dandalin nuna wasanni na duniya, domin haska gasar dambe. Kisan da a da sai wanda ke bakin fili zai gani, yanzu yana yawo a WhatsApp kafin a kwance wa ɗan damben zare.

Akwai dai abu guda da har yanzu ke tara jama'a a rumfa, wato ƙwallon ƙafa. Gidajen kallon Firimiyar Ingila suna cika a ranakun Asabar da Lahadi, saboda wasa ne na kai-tsaye da ba a ajiye shi sai gobe, kuɗin DStv na wata kuma ya fi ƙarfin mutum ɗaya, amma idan aka raba shi a kan benci ya zama ɗan kaɗan. Akwai darasi a nan ga masu fim, za mu dawo kansa.

Ina kuɗin ke tafiya?

Ana yawan cewa Bahaushe ba ya son biyan kuɗin kallo. Lissafi bai goyi bayan wannan magana ba. Kafin ɗan dako a Mil 12 ya kalli kashi ɗaya na fim, ya sayi waya, ya biya mai caji, ya sayi data ko ya biya mai turawa. Kowane mataki kuɗi ne. Sai dai kamfanin waya da kamfanin sadarwa da mai janareto da mai kwamfuta ne suke karɓa. Marubuci da darakta da mai ɗaukar hoto da jarumi suna can ƙarshen layi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ke isa gare su ta YouTube talla ce ke kawo shi. Tasha kan shiga cikakken tsarin rabon kuɗin talla idan ta tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata 12, sannan mai tashar ya karɓi kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar da aka sa a dogon bidiyonsa. Amma farashin talla ya danganta ne da inda mai kallo yake. Masu talla sun fi biya da tsoka domin mai kallo a Ingila ko Amurka ko Saudiyya fiye da na Najeriya ko Nijar. Ke nan mutum dubu a Agege ba lallai su kawo wa furodusa abin da 'yan ɗaruruwa a Jidda ko Landan za su kawo ba. Wanda kuma ya karɓi fim daga mai turawa, ko a lissafin masu kallo bai shiga ba.

An gwada hanyar biyan kuɗin wata. Manhajar Northflix ta fito a 2019, Kallo.ng ta biyo baya, dukansu da nufin sayar da fina-finan Hausa kai-tsaye ga mai kallo. Sai dai mai biyan kuɗin wata yana biya sau biyu ne, na manhaja da na data, a daidai lokacin da aljihu ya yi zafi. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, darajar Naira ta faɗi, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. A Janairun 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data.

Manyan kamfanonin duniya ma sun ji a jikinsu. A Janairun 2024 Amazon Prime Video ya dakatar da ɗaukar nauyin sababbin fina-finai a Afirka ta kudu da Sahara. MultiChoice, mai DStv da GOtv, ya bayyana a 2025 cewa ya rasa masu biyan kuɗi miliyan 1.4 a Najeriya cikin shekara biyu, kuma a Satumbar shekarar kamfanin Canal+ na Faransa ya karɓe ragamarsa. Fitattun 'yan Nollywood irin su Omoni Oboli da Ruth Kadiri sun mayar da hankali ga YouTube, hanyar da Kannywood ta riga ta kama saboda larura.

Abin da ƙarancin kuɗi ke yi wa labari

Idan kuɗin talla bai isa ba, furodusa yakan nemi masu ɗaukar nauyi. Shi ya sa mai kallo ke cin karo da tallar magungunan gargajiya da filaye da atamfofi a tsakiyar fim, wani lokaci har ta kusa kai tsawon labarin. Shi ya sa kuma ake jan labarin da zango biyu zai ishe shi har ya kai zango goma, domin kowane mako yana buƙatar sabon kashi, ko akwai abin faɗa ko babu.

A dandalin gajerun bidiyo lamarin ya fi tsanani. Manhaja tana ɗaga abin da ya fi tsayar da ɗan yatsa, kuma ba abin da ke tsayar da shi kamar faɗa da habaici da tonon silili. Matashin da ke neman kyaututtukan masu kallo a shirin kai-tsaye yana gane hakan cikin mako guda.

Hukumomi sun fi mayar da martani ta fuskar tarbiyya. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta dakatar da fina-finai 22 masu dogon zango a watan Mayun 2025, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ana sakin su ba tare da an kai mata ta duba ba. Matakin ya nuna cewa hukumar tana da iko a kan masu shirya fim a Kano. Amma ikonta bai kai ga wayar da ke hannun matashi a Idi-Araba ba, balle bidiyon da wani ya ɗora daga wata ƙasa. Tacewa za ta iya hana wani abu fita, amma ba za ta biya kuɗin shirya abin da ya fi shi kyau ba.

Rumfa tana rushewa, waya tana nan

A watan Mayun 2022 gwamnatin Jihar Legas ta ba mazauna Alabar Rago wa'adin kwana 14 su tashi, tana mai cewa za ta sabunta kasuwar kuma ɓata-gari na fakewa a cikinta. Rusau ya biyo baya, har da wanda aka yi a 2025, 'yan kasuwa da dama suka watsu zuwa wasu unguwanni ko suka koma gida. A watan Yunin 2022 kuma aka fara hana acaba a ƙananan hukumomi shida na jihar, sana'ar da matasan Arewa suka fi yawa a cikinta.

Ga mutumin da wurin zamansa ba shi da tabbas, waya ita ce rumfar da ba a rushewa. Da ita yake jin muryar gida, da ita yake sauraron tafsiri a watan azumi, da ita yake sanin abin da ake zance a kai a garinsu. Ga yaran da aka haifa a Agege, waɗanda ke tashi da Yarbanci da Turancin buroka a bakinsu, fim da waƙa na cikin 'yan wuraren da suke jin Hausar Kano da ta Katsina da ta Sakkwato a cike. Don haka ingancin Hausar da ke cikin waɗannan shirye-shirye lamari ne da ya shafi makomar harshen a kurmi. Wannan zai ƙara muhimmanci yayin da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke koyon fassara da ɗora murya a kan fim, aikin da a yau matasa ke ci da shi a ɗakunan fassara na Kano.

Akwai kuma asarar da ba a cika lura da ita ba. Fina-finai da yawa na zamanin kaset da faifai suna lalacewa a kwalaye, wasu kuma suna yawo a tashoshin da ba su da alaƙa da masu su. Tashar YouTube ma gidan haya ce, kamfanin na iya rufe ta ko ya sauya ƙa'ida ba tare da shawara da kowa a Kano ba.

Abin da zai fayyace gobe

Alƙiblar duniya a bayyane take. A Amurka, kamfanin ƙididdiga na Nielsen ya ce a watan Mayun 2025 kallo ta intanet ya zarce na tashoshin gargajiya da na kebul a haɗe, karo na farko a tarihi. A Indiya, rahusar data da kamfanin Jio ya kawo a 2016 ta buɗe kasuwa ga fina-finai da waƙoƙi a harsunan yankuna. Najeriya za ta bi sahu, amma saurin tafiyar da kuma wanda zai amfana sun rataya a kan abu uku.

Na farko shi ne farashin data da wutar lantarki. Shirin ƙasa na intanet mai sauri na 2020 zuwa 2025 ya sa burin kai wa kashi 70 cikin 100, amma wa'adin ya zo ana wajen rabi. Gwamnatin Tarayya ta amince da shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa. Idan aikin ya sauke farashi, mai kallo zai samu rarar da zai iya biyan mai fim. Idan bai sauke ba, mai turawa zai ci gaba da zama sarki.

Na biyu shi ne salon biya, kuma a nan ne darasin gidan ƙwallo ya shigo. Mai samun kuɗi kullum-kullum yana kashewa ne kullum-kullum. Ba zai ɗaure kansa da kuɗin wata ba, amma bai taɓa ƙin biyan kuɗin ƙofa ba. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, hatta masu shayi da masu nama a unguwannin Hausawan Legas sun saba da karɓar kuɗi ta OPay da Moniepoint da PalmPay. Hanyar karɓar ɗan kaɗan daga mutum da yawa ta samu. Abin da ya rage shi ne a sayar da fim kashi-kashi a farashin kofin shayi, a haɗa shi da data cikin yarjejeniya da kamfanonin sadarwa, a kuma jawo masu turawa su zama dillalai masu lasisi, tunda su ne suka san mai kallo da fuska. Da yayyafi kogi kan cika.

Na uku shi ne doka da haɗin kai. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris na 2023 ta tanadi hanyar neman a sauke kayan da aka sata daga intanet, amma furodusa ɗaya ba zai iya bin kowace tasha ba sai da ƙungiya mai lauyoyi. Naɗin Ali Nuhu a matsayin shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya a Janairun 2024, da kafa ma'aikata ta musamman domin fasaha da al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira a 2023, sun ba masana'antar Hausa kujera a inda ake yanke shawara. Za a auna amfanin kujerar ne da abubuwa na zahiri: jarin da zai kai ga ƙananan furodusoshi, horar da marubuta, da taskance tsofaffin fina-finai kafin su ruɓe.

Mai kallon Alabar Rago bai guji fim ɗin Hausa ba. Ya bi shi daga sinima zuwa kaset, daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa memori, yanzu kuma yana tare da shi a tafin hannunsa, ko'ina rusau ya jefa shi. A kowane zango ya biya abin da aka nema. Aikin da ke gaban masu shirya fim da kamfanonin sadarwa da hukumomi shi ne su gyara hanyar da wani kaso na wannan kuɗi zai riƙa komawa ga waɗanda suka yi wahalar, kamar yadda kuɗin ƙofar rumfa ke komawa Kano a da.